Awoyin Aiki da Ladansu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Da zarar kaka ta kama a ƙasar Malumfashi da Funtua, aikin lada yakan yawaita ƙwarai. Auduga ta fashe, masara ta bushe, waken suya ya isa yanka, motoci kuwa suna ta jigila daga Kafur da Bakori da Ɗanja da Faskari zuwa gidajen gurza da sito-sito da injinan casa. Samari da magidanta waɗanda suka kammala nasu girbin sukan bazama neman aikin yini, domin su sami na haraji da na sutura da na hidimar biki. A wannan lokaci ne kuma wata ƙara iri guda takan yi ta zuwa zaurukan hakimai. Lebura ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wata guda cur muka yi ba mu tashi sai bayan lisha, amma da aka zo biya sai aka ba mu kuɗin yini kawai." A aika a kira mai aikin, shi kuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai haka muka yi da su tun farko, aiki sai an gama." A tambayi takarda, babu. A tambayi shaida, kowa da nasa.

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu su san abin da dokar ƙasa ta ce game da awoyin aiki, da abin da ta yi shiru a kansa, da kuma inda ake yin asarar haƙƙin lebura ba tare da kowa ya lura ba. Kan maganar gajere ne: haƙƙin ƙarin lokaci yana rataye ne ga abu biyu, watau a san awoyin da aka yi alkawari tun farko, a kuma rubuta awoyin da aka yi. In ɗaya ya ɓace, da wuya a ƙwato kome.

Daga rana zuwa agogo

Ƙwadago ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma yana da ƙa'idarsa tun kafin agogo ya zo. Ɗan ƙwadago yakan shiga gona da safe ya tashi da azahar, mai gona ya kawo fura. In ana son ya koma da yamma, wannan wani ciniki ne dabam da nasa lada. Ba a yin gardama a kan lokacin tashi, gama rana tana bisa kan kowa, kiran salla kuma kowa ya ji shi. Malaman fiƙihu ma sun shimfiɗa sharaɗi a babin ijara, cewa lalle ne ladan ya zama sananne, aikin ko tsawon lokacinsa shi ma ya zama sananne. Saboda haka wanda ya ce neman kuɗin ƙarin lokaci bidi'ar Turawa ce, bai duba al'adar kakanninsa da kyau ba.

Abin da ya sake shi ne mai riƙe da lokacin. Kamfanin auduga na Ingila da aka kafa a Manchesta cikin 1902, wanda mutane suka mai da sunansa Bisije, shi ya gina gidajen gurza a Zariya da Funtua da Malumfashi da Gusau da waɗansu garuruwa. Aka kafa gonar iri a Daudawa, aka buɗe fuloti-fuloti inda ake awon auduga, hanyar jirgi kuma ta ratsa Funtua ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Injin gurza bai san azahar ba. Muddin akwai auduga a fili, ana so ya yi ta juyawa dare da rana har a ɗaure dila ta ƙarshe. Sai jiniya ta maye gurbin rana, aka sami heluma mai tsare aiki, da tankifa mai riƙe da littafin sunaye da agogo. Tun daga ran nan lokacin aiki ya koma hannun ɓangare ɗaya. Mai biya shi ke da agogon, shi ke da littafin, shi ke da alƙalamin.

A ƙasashen da masana'antu suka fara kafuwa an riga an sha wannan rigima. Ma'aikatan Shikago sun yi babban yajin aiki cikin 1886 suna neman a tsai da aikin yini a kan awa 8, kuma daga nan ranar 1 ga Mayu ta samo asali, wadda Jihar Kano ta fara mayarwa ranar hutu cikin 1980, Tarayya ta bi cikin 1981. Cikin 1888 wani mai sana'ar agogo a Amurka, Willard Bundy, ya ƙago na'urar da ke buga lokacin shigar ma'aikaci da fitarsa a kan takarda, don kada a dogara ga hannun tankifa kaɗai. Yanzu har an kai ga na'urar da ake ɗora mata yatsa ta gane mutum. Amma fa na'ura ba ta hana zalunci ita kaɗai, domin mutum ne ke saita ta, mutum ne kuma ke fitar da lissafinta ran biya.

Abin da doka ta ce

Sha'anin ƙwadago a Nijeriya na Gwamnatin Tarayya ne, ba na jiha ko ƙaramar hukuma ba. Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Ƙwadago wadda aka kafa cikin 1974, ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1945, aka kuma sake buga ta cikin kundin dokokin ƙasa na 2004. Ta shafi mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ko da rubutacciyar yarjejeniya aka ɗauke shi ko da baki. Ba ta shafi manyan ma'aikata masu gudanarwa da ƙwararru ba, haka kuma ba ta shafi iyalin mai aikin ba.

Mutane da yawa suna zaton dokar ta ce aikin yini awa 8 ne. Ba ta ce ba. Sashe na 13 ya ce awoyin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta ɗayan hanyoyi uku: ko ta yardar mai aiki da ma'aikaci, ko ta ciniki tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu masana'anta, ko ta hukumar tsara lada inda babu hanyar yin wancan ciniki. Sa'an nan ya ce duk awoyin da aka sa ma'aikaci ya yi bisa waɗannan, su ne ƙarin lokaci. Har wa yau dokar ba ta faɗi nawa za a biya kan awar ƙari ba. Ta bar wannan ma ga yarjejeniya.

Ya kamata a tsaya a nan a duba da kyau, don nan ne gindin yawancin ƙararrakin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta farko cikin 1919, ta tsai da awa 8 a yini da 48 a mako ga masana'antu, ta kuma ce kada kuɗin awar ƙari ya gaza na awa ɗaya da rubu'i. Amurka ta yi dokarta cikin 1938, wadda a ƙarƙashinta duk abin da ya wuce awa 40 a mako ana biyansa awa ɗaya da rabi. Maƙwabtanmu na Nijar sun rubuta awa 40 a mako cikin dokarsu, Gana ma haka. A Nijeriya kuwa awa 8 al'ada ce mai ƙarfi wadda ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni suke bi, amma ba ta cikin Dokar Ƙwadago. Inda ƙungiya take da ƙarfi, kamar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu wadda aka kafa cikin 1978 mai hedkwata a Kaduna, akan zauna da masu masana'antu a rubuta awoyi da kuɗin ƙari da na aikin dare. Shekarar nan ce kuma aka kafa masaƙar Funtua. Amma leburan da aka ɗauka a bakin ƙofa da asuba ba shi da wanda ya yi ciniki a madadinsa. In bai tambaya ba kafin ya ɗauki buhun farko, ya shiga aikin da ba shi da iyaka, kuma abin da ba shi da iyaka ba a iya cewa an wuce shi.

Domin toshe wannan kafa ne sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku su cika da fara aikinsa. Takardar za ta nuna sunan mai aikin, da sunan ma'aikacin da ranar ɗaukarsa, da irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, da awoyin aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Sai dai wata uku lokaci ne mai tsawo ga aikin kaka. Sau da yawa kafin su cika an gama aikin an watse. Don haka bai kamata a jira wa'adin doka ba. A nemi a faɗi sharuɗɗan ran farko a gaban shaidu, in da hali a rubuta.

Akwai abubuwan da dokar ta yanke da kanta, ba ta bar su ga ciniki ba. Wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini, lalle a ba shi hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Hutun nan kuwa sai an san tsawonsa tun da wuri, kuma ma'aikaci yana da ikon barin wurin aiki ya tafi inda ya so. Wanda aka ce ya ci tuwonsa a gindin inji yana lura da bel, ba hutu yake yi ba, aiki yake yi. Inda aikin yake da wahala ta musamman, ko yake tafe da juyin inji ba tsayawa, dokar ta ce a ƙara ba da ɗan gajeren sarari lokaci lokaci ban da wancan hutu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gurza ya shaƙi ƙurar auduga ya san dalilin wannan. Cikin kowane kwana 7 kuma ma'aikaci yana da hutun yini guda, awa 24 a jere. In aka ci masa wannan hutu, sai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da kuɗin ƙarin lokaci. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a sa shi aikin da ya wuce awa 4 a jere, ko awa 8 a yini.

Inda awoyi suke zubewa

Da wuya a ga mai aikin da zai hana lebura ladan yini ɗungum, domin wannan kowa zai gani. Asarar takan zo ne da kaɗan kaɗan, ta hanyar da ba ta da amo.

Ta farko ita ce jiran ƙofa. A ce wa ma'aikata su hallara ƙarfe bakwai saura kwata domin kiran suna da karɓar kayan aiki, amma littafi ya fara ƙirga daga ƙarfe bakwai. Da yamma jiniya ta busa, tankifa ya rufe littafinsa, sa'an nan heluma ya ce a share ɗakin inji, a tattara angurya, a rufe dilolin da tamfal kafin a tafi. Rabin awa ta wuce. Ba wanda ya rubuta ta. Ƙa'idar da ta dace da hankali ita ce, duk lokacin da mutum yake ƙarƙashin umurnin mai aiki, ba shi da ikon tafiya, lokacin aiki ne, ko yana ɗaukar kaya ko yana tsaye yana jiran mota ta iso.

Ga misali da lissafi, don malamai su ga girman abin. A ɗauka an yi da lebura zai yi awa 8 a kan naira 4,000, watau kowace awa naira 500 ke nan. Kullum ana cin masa kwata da safe da rabin awa da yamma, minti 45. Cikin kwanakin aiki 26 na wata, minti 45 ya zama awa 19 da rabi, fiye da aikin yini biyu. Kuɗinsu naira 9,750, ko da ba a ƙara kome a kan kuɗin awa ba. In leburori 100 ne a wurin, abin da ya tsaya a aljihun mai aiki a wata guda ya kai naira 975,000. Shi leburan kuwa bai taɓa jin an ɗauke masa kome ba, don kullum ana miƙa masa 4,000 ɗinsa cif.

Ta biyu ita ce agogo mai ido ɗaya. Wanda ya makara da minti 5 a yanke masa rabin awa, wani wuri ma rabin yini, amma wanda ya ƙara minti 25 bayan tashi a ce bai cika awa ba, saboda haka ba a lissafawa. In za a cike ƙwaryar lissafi, a cike ta ta kowane gefe. Game da yankan lada kuwa sashe na 5 ya yi magana sarai: ba a yanke wa ma'aikaci lada da sunan tara. In ya yi ɓarna da gangan ko da sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Duk abin da za a cire a wata guda kuma kada ya wuce sulusin ladan watan. Rashin biyan minti 5 da mutum bai yi aiki ba daidai ne. Abin da ya wuce haka tara ce, ko da wane suna aka kira ta.

Ta uku ita ce tsayawar inji. Wuta ta ɗauke, ko bel ya tsinke, ko man janareta ya ƙare, a ce kowa ya zauna kada ya tafi. A yi awa 3 ana zaune, wuta ta dawo, a ce sai an rama awoyin da aka rasa, a kai har dare a kan ladan yini ɗaya. Sashe na 17 ya ɗora wa mai aiki nauyin samar da aiki ga wanda ya zo a shirye, in kuwa bai samar ba ya biya shi kamar ya yi. An yi rangwame inda wani abu ya auku wanda ya fi ƙarfin mai aikin: a nan ladan ranar farko kaɗai ya wajaba, kuma rangwamen ba ya wuce mako guda sai da yardar jami'in ƙwadago. Ko ta yaya aka duba, ranar da inji ya tsaya mutane suna wurin, ladanta ya tabbata. Awoyin da aka ƙara da dare kuma ƙari ne.

Akwai kuma masu gadi da masu sayar da mai da ma'aikatan gidan burodi, waɗanda aikinsu na awa 12 ne, wani lokaci babu ranar hutu ko ɗaya a wata. Su ba su cika kawo ƙara ba sai ran da aka sallame su, sa'an nan su zo da lissafin shekara biyu a ka.

Ba a ce laifin kullum na mai aiki ne ba. Akwai leburan da ke amsa sunan abokinsa wanda bai zo ba, akwai mai buga katin wani, akwai tankifan da ke haɗa baki da heluma su rubuta sunayen mutanen da babu su, su raba kuɗin. Akwai kuma mai jan jiki da rana da gangan don aiki ya kai dare a biya shi ƙari. Littafi na gaskiya yana kare mai aiki daga waɗannan kamar yadda yake kare lebura daga wancan, kuma ya kyautu hakimi ya faɗa wa masu aiki haka, don su san ba gaba ake yi da su ba.

Jinga da aikin yini

Yawancin masu lodi a kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori ba da awa ake biyansu ba, da buhu ne ko da mota. Wannan jinga ce, kuma a jinga babu zancen ƙarin lokaci. Wanda ya gama da wuri ya tafi, wanda ya daɗe don kansa. Rikici yakan taso ne inda aka gauraya biyun. A ɗauki mutum a kan ladan yini, sa'an nan a ce ba zai tashi ba sai ya cika buhu kaza. In ya cika da la'asar, a ƙaro masa wani aiki, don yini bai ƙare ba. In bai cika ba har magariba, a ce ya ci gaba, don aiki bai ƙare ba. Ta kowace fuska mai aiki ne ke da riba. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan haɗa wa'adin lokaci da adadin aiki cikin ijara ɗaya, saboda jahilcin da ke cikinsa. Tambayar farko da malamin hakimi zai yi wa masu ƙara ita ce: jinga kuka yi ko yini?

Wani abin lura shi ne mafi ƙarancin albashi. Ya tashi daga naira 125 a wata cikin 1981 zuwa 18,000 cikin 2011, da 30,000 cikin 2019, da 70,000 cikin 2024. Amma dokarsa ta ware waɗansu: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin ɗan lokaci, da masu aikin da ke bin yanayin shekara kamar noma. Da yawa daga cikin masu aikin kaka a ƙasar nan suna cikin waɗanda aka ware. Kada malami ya yi wa mai ƙara alkawarin 70,000 kafin ya bincika. Amma wanda aka ware daga wannan doka ba a ware shi daga Dokar Ƙwadago ba. Hutunsa da takardarsa da haramcin yi masa tara suna nan daram.

Aikin hakimi da na malaminsa

Tun da aka karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi cikin 1976, hakimi ba ya yanke hukunci a kan bashin lada, ba ya kuma cin mai aiki tara. Abin da ke hannunsa sulhu ne da nasiha, da kuma kwarjinin da ke sa mutum ya amsa kira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarar da aka rubuta cikin dokar ga mai aikin da ya ƙi ba da takarda ko hutu ba ta wuce naira 800 ba a laifin farko. Cikin 1974 kuɗi ne mai yawa. Yau bai kai ladan yini guda na lebura ba. Mai masana'anta a ƙasar Galadiman Katsina ko ta Sarkin Maska ya fi jin kunyar a kira shi zaure sau biyu a kan haƙƙin talaka bisa ga tsoron wannan tara.

Lokacin da nasiha ta fi amfani shi ne kafin a fara aikin kaka. In hakimi ya tara masu gidajen gurza da injinan casa da 'yan kwangila tare da shugabannin leburori, ya nemi kowane wuri ya kafa allo a bakin ƙofa mai nuna lokacin shiga da na hutu da na tashi, da kuɗin yini da kuɗin awar ƙari, da Hausa, da boko da ajami in ya yiwu, to, rabin ƙararrakin shekara sun mutu tun ba a haife su ba. Ya kamata kuma a rataye agogo inda kowa zai gani, ba a aljihun tankifa kaɗai ba. A tuna da sallar Juma'a a faɗi matsayinta tun farko, ko tana cikin hutu ko ana ramawa, gama ita ma takan jawo gardama.

In ƙara ta riga ta zo, malami ya nemi littafin. Sashe na 75 ya wajabta wa kowane mai aiki ya ajiye rubutun lada da sharuɗɗan aiki, ya kuma adana shi har shekara 3. Mai aikin da ya ce ba shi da littafi ya nuna kasawarsa ne da bakinsa. A Amurka babbar kotunsu ta yanke tun 1946 cewa in mai aiki bai ajiye lissafi ba, ƙiyasin ma'aikaci mai ma'ana ya isa hujja, sai mai aikin ya kawo abin da zai rushe shi. A nan kuwa kada a dogara ga irin wannan sauƙi. Kotu takan nemi mai neman kuɗin ƙarin lokaci ya faɗi ranakun da awoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna yarjejeniyar da ta ba shi haƙƙin da yawan kuɗin. "Mun daɗe muna yi" ba lissafi ba ne.

Saboda haka babban taimakon da malamin hakimi da masu unguwanni za su yi wa leburori shi ne koya musu riƙe nasu littafin. Ɗan littafin makaranta ya isa. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi, sunan heluman da ya ce a tsaya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa abokin aikinsa ya rubuta wa ƙungiyarsu duka. Mai waya ya ɗauki hoton katinsa ko shafin rajista a ƙarshen mako. A rubuta a ranar, kada a bari sai rigima ta tashi, don rubutun da aka yi a zama ɗaya da alƙalami ɗaya ana gane shi. Kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar biya wadda ba a cike gurbin awoyi da na kuɗi ba. Ran sallama ma haka: doka ta ce a biya dukan lada kafin wa'adin sallama ya cika, kuma wanda ya dangwala cewa ya karɓi haƙƙinsa duka ya wahalar da kansa in ya komo neman saura.

In sulhu ya ƙi, hanya ta gaba ita ce ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina. Jami'anta suna da ikon shiga wurin aiki, su nemi a kawo littattafai, su yi wa ma'aikata tambayoyi, abin da hakimi ba shi da ikon tilastawa. Bayan nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1976, gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ba ta ikon sauraron shari'un ƙwadago ita kaɗai. Tana da rassa a Kano da Kaduna. Tafiya ce mai nisa da tsada ga mutum ɗaya mai bin naira dubu goma, shi ya sa ya fi kyau masu ƙara iri ɗaya su haɗu su tafi tare, ko ta hannun ƙungiyarsu. Doka ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiyar ma'aikata.

Takardar da malami zai rubuta wa ofishin ƙwadago ba ta bukatar dogon yabo ko zagi. A sa sunayen masu ƙara da garuruwansu, da sunan wurin aikin da na wanda ya ɗauke su, ko kamfanin ne da kansa ko ɗan kwangila, domin wannan yakan canja wanda za a bi bashin. A faɗi ranar fara aiki da ta tashi, da awoyi da kuɗin da aka yi alkawari da waɗanda suka shaida, da awoyin da aka yi a kowace rana, da abin da aka biya, da abin da ya saura. A ambaci ranar da aka zauna sulhu da abin da kowane ɓangare ya faɗa. A haɗa da kwafin littafin leburorin, ainihin littafin kuwa ya zauna a hannunsu. Malami ya ajiye kwafi ɗaya na takardar a fayil na ofishin hakimi, ya rubuta ranar da aka aika da sunan wanda ya kai.